Na Je Kumasi Ɗauko Yaya Sale

Tun da aka koma makaranta ban huta da tambaya ba. In na shiga ofishin malamai a ce, "Malama Binta, yaya Gana?" In na je gidan suna a ja ni gefe. Kowa na ba shi guntun da ya samu, wannan ta ji na hanya, waccan ta ji na abinci, har labarin ya zagayo ya same ni da ƙafafun da ban sa masa ba, wai an kama ni da wiwi a kan iyaka. Shi ya sa na ga gara in zauna in faɗe shi daga tushe. Abin da zan faɗa game da rashin lafiyar yayana da matarsa kuwa, su da bakinsu suka ce in faɗa.

Yaya Sale shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. Da Baba ya rasu shi ya riƙe gidan, shi ya kafe sai na yi makarantar horon malamai lokacin da dangi ke cewa ya isa haka. Daga baya ya fara bin manyan motocin albasa da busasshen tattasai zuwa kudu, yau Legas, gobe gaba da Legas, har ya yada zango a Kumasi, ya yi aure a can. Matar ba mu taɓa ganinta ba sai a hoto. Duk Babbar Sallah yana zuwa Haɗeja, sai kuma ya daina. In an tambaye shi a waya ya ce, "Ciki ne kawai yake ɗan damuna." Ran nan ɗan maƙwabta ya haɗa mana kiran da ake ganin juna. Inna ta ƙura wa wayar ido, ta ga ƙasusuwan wuyan ɗanta a waje. Ba ta yi kuka ba. Da aka kashe ta ce mini, "Ki je ki ɗauko mini shi. Ko me matar can take ba shi, ya isa. In ma mutuwa ce, ta same shi a ɗakin nan."

An yi sa'a lokacin dogon hutu ne, kuma gwaggon maigidana, Hajiya Gambo, tana shirin zuwa Lome saro atamfa. Ita ta sa ya bar ni. Hajiya Gambo gajeriya ce mai faɗi, muryarta ta fi ta girma, ta san hanyar nan kamar tsakar gidanta. Inna ta haɗa mini kaya kamar mai ƙaura: bandar tarwaɗa ta bakin kogi, daddawa, kuka, shinkafa 'yar gida, da wani ƙunshi da ta aika aka karɓo mata wajen mai magani a kasuwar Kafin Hausa, ganyen filasko da sassaƙe-sassaƙe. Ta ce, "Wannan ki dafa masa da hannunki, ya wanke duk abin da ke cikin."

Mun bar Haɗeja damina ta yi nisa, gonakin shinkafa dama da hagu duk sun sha ruwa. A Kano muka shiga doguwar motar Legas. Ba mu yi nisa ba wani mai tallar magani ya miƙe a tsakiyar mota, ya ɗaga kwalba, ya ce tana maganin basir, da shawara, da sanyi, "har da ciwon nan da ba a faɗin sunansa, wanda ke mai da ƙato tsinke." Motar ta kwashe da dariya. Ni ma na yi. A Lakwaja na ga kogin Kwara, na saki baki, don duk rayuwata ina zaton kogin garinmu babba ne. Hajiya ta ce, "Rufe bakin, 'yar Haɗeja, ba ki ga ruwa ba tukuna."

Legas kuwa ban gane kanta ba. Mun sauka wajen wasu 'yan'uwan Hajiya a Agege, gida ɗaya mutum kamar kasuwa. Da safe na fita alwala, na gaida wata mata har da ɗan russunawa, ta dube ni sama da ƙasa ta riƙe jakarta da kyau. A wajenmu wanda bai gaishe ka ba shi ne abin tsoro, a can wanda ya gaishe ka ne.

Yanzu ga maganar wiwi. A Seme, kan iyakar Najeriya da Binin, wani jami'i ya buɗe buhuna. Warin daddawa ya fara tarbarsa, ya kau da kai. Sai hannunsa ya faɗa kan ƙunshin Inna. Ya kwance, ya ga busasshen ganye, ya shinshina, ya dube ni da hijabina har ƙasa, ya ce in biyo shi. Na bi shi. Hajiya Gambo ta biyo mu tana gyara mayafi, ta ce masa da guntun Turancinta da dogon Hausarta, "Ɗana, abu mai sauƙi. Ka tafasa ka sha kofi guda. In wiwi ne ka ɗaure mu. In ba shi ba ne, to ka tabbata akwai banɗaki kusa." Allah ya taimake mu akwai wani Bagumale cikin abokan aikinsa. Ya leƙo, ya ga ganyen, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wa ɗan'uwansa, "Kada ka kuskura ka sha, kakata ta taɓa ba ni." Iyakar kamun da aka yi mini ke nan.

A Kwatano na zama kurma kuma bebiya. Ni da nake koyar da Turanci, ko ruwa ban iya tambaya ba, sai nuni. Babura kamar fara, masu haya duk da rawayar riga, mata suna tuƙa nasu da kaya a baya da goyo a gaba, ba wanda ya ko waiga. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ga tauri, na gatsa sai da dasashina ya yi jini. A Lome muka sauka gidan wata dattijuwa a zango, unguwar baƙi Hausawa, inda fatake mata ke shimfiɗa tabarmi a falo ɗaya, Bayarabiya da Bazabarmiya da Bahausa, kowa da jakarta a matashin kai. A nan na fara ganin teku. Hajiya ta kai ni da yamma, na tsaya nesa, na ce ni ruwan da ba a hango ɗaya gaɓar ban yarda da shi ba.

Hajiya a nan kasuwarta take. Ta raka ni har Aflawo, kan iyakar Gana, ta damƙa ni ga direban motar Kumasi, ta yi masa kashedi da yatsa, ta ce mini, "In kin ga abin da ya fi ƙarfinki, kada ki yanke hukunci ranar da kika gan shi. Ki kwana tukuna."

A wata tasha cikin Gana yunwa ta kama ni, na sayi wani ƙulli naɗe da ɓawon masara, suna ce masa kenke. Na kai baki na ji tsami, na mayar wa mai sayarwa na ce ya lalace. Ta yi ta dariya, ta kira maƙwabciyarta su yi tare, sannan ta zuba mini wani baƙin yaji da soyayyen kifi ta ce in haɗa. Da na haɗa sai ga shi na cinye. Ranar Asabar ce, kuma duk garin da muka ratsa sai na ga rumfuna, da kiɗa, da mutane cikin baƙaƙe da jajayen kaya suna rawa. Na ce wa matar da ke kusa da ni, "Yau ranar aure ce a ƙasarku?" Ta ce, "Jana'iza ce." Ta ba ni labarin yadda suke ajiye gawa a asibiti makonni, wani lokaci watanni. Na ce mata mu kafin a kira sallar gaba an kai mutum makwancinsa. Ta yi mamaki kamar yadda na yi, ta ce, "To wanda yake nesa fa, yana ƙaunarsa, ba za a jira shi ba?"  Na juya ga taga ina roƙon Allah ya sa in tarar da Yaya da rai.

A tashar Kumasi ina sauke buhu sai na ji an rungume ni ta baya ana cewa, "Mijina ya zo! Mijina ya zo!" Na juya a fusace. Wata doguwar mace ce, cikakkiya, fuskarta tana sheƙi. Ashetu ce, matar Yaya. Daga baya na gane abu biyu: a wajensu mace tana kiran ƙanwar mijinta miji, kuma Hausar zango ba ruwanta da "ta", mace ma "ya zo" ake ce mata. Amma a lokacin ba abin dariya na gani ba. Ƙibarta na gani, na tuna wuyan Yaya a waya, na ɗaure fuska. Ta ɗora buhun a ka tana ta zuba, ni ina binta da "to" da "uhm".

Gidan haya ne mai ɗakuna kewaye da tsakar gida. Yaya ya san ina tafe, sai ya sa babbar riga ya zauna a kujera don ya tarbe ni kamar mai lafiya. Rigar ta zama kamar an rataye ta a ƙusa, hular ta zurmo har kunne. Na durƙusa a gabansa. Ya dafa kaina ya ce, "Auta, ke kuma sai ƙiba kike. Ina Inna?"

Kwanakin farko na zuba ido, ina neman laifin Ashetu. Na ga ruwan da zai sha sai ta tafasa shi. Na ga tukunyarsa daban, koko marar yaji da safe, tuwo mai laushi da miyar lalo da rana, tana ba shi kaɗan-kaɗan kamar yaye. Na ga yana shiga banɗaki ba adadi, wani lokaci bai kai ba, ita kuma ta kwashe kayan ta wanke kafin maƙwabta su fito, ta dawo tana yi masa hirar kasuwa kamar ba abin da ya faru. Duk na gani, amma zuciyata ta ƙi sauka. Sai na kwance ƙunshin Inna, na ɗora tukunya.

Ashetu ta shigo madafa, ta shinshina, ta sa tsumma ta sauke tukunyar. Ta ce, "Wannan ba zai shiga cikinsa ba."

Na ce, "Uwarsa ce ta aiko. Ɗan'uwana ne, ciki ɗaya."

Ta ce, "Ni kuma mijina ne, ni nake wanke abin da ke fita daga cikin."

Muryoyinmu suka tashi. Sai muka ji shi daga ɗaki: "Auta! Zo nan. Ke ma zo." Muka shiga. Ya nuna mini bakin gado, ya jira na zauna, ya ce, "Ƙanjamau gare ni." Da gangan ya zaɓi sunan da ya fi muni, yana kallon idona. Kafin in yi numfashi Ashetu ta ce, "Ni ma ina da shi."

Ba zan ɓoye ba, abin da idona ya fara nema shi ne kofin da na sha ruwa da shi. Ni da na sha gaya wa ɗalibai cewa ba a ɗauka ta kofi. Yaya ya ga inda na duba, wannan ganin ya fi mini mari zafi. Na tashi na koma kusa da shi na riƙe hannunsa, sai a lokacin kukan da na riƙe tun daga tasha ya zo.

A hankali suka ba ni labari. Ita an gano nata ne a wajen awon ciki, ta fara shan magani tun ba ta taɓa jin ko ciwon kai ba, 'yarsu kuma aka haife ta lafiya lau. Ta yi ta roƙonsa ya je a gwada shi, ya ƙi, shekara da shekaru, yana cewa shi ƙalau yake, har ranar da ya faɗi a kasuwa tsakanin buhunan albasa. Tun daga nan yake shan magani bai taɓa tsallakewa ba. Ya ce, "Ga abin da ya ishe ni, Auta. Sun gwada jinina sun ce ƙwayar cutar ta kwanta, ko ganinta ba sa yi. To in ta kwanta, me ke cina? Ƙwaya ɗaya muke haɗiya ni da ita. Dube ta, dube ni. Ko dai ƙarya suke mini, ko kuma wani abu ne daban da ba na asibiti ba. Na gaji. Da na ji kina tafe na ce alhamdu lillahi, zan ajiye maganin nan in bi ki, in mutu a gaban Inna."

Wato zuwana ne ya buɗe masa ƙofar da yake nema. Da yamma Ashetu ta same ni a bayan madafa, duk fara'ar nan ta tafi. Ta ce likita ta sha yi masa bayani, amma da Turanci da yaren Asante, shi kuma ba ya ji sosai, girman kai ba zai bar shi ya ce bai gane ba, sai ya yi ta gyaɗa kai. In ita ta maimaita masa a gida ya ce maganar mata ce. Ta kama hannuna ta ce, "Kai malami ne. Ka bi mu asibiti, ka faɗa masa da Hausar gidanku."

Likitar wata 'yar ƙaramar dattijuwa ce mai furfura, ba ta da gaggawa. Na gaya mata tambayarsa yadda ya yi ta, ban rage ba. Ta juyo da kujerarta ta fuskance shi, tana faɗa ina juyawa. Ta ce mutane suna zaton cutar nan a jini kawai take, alhali inda ta fara yin babbar ɓarna shi ne hanji. Mafi yawan sojojin da ke tsare jikin mutum a bangon hanji suke zaune, domin nan ne abin waje ya fi kusa da abin ciki. Tun a makonnin farko, mutum bai ma san ya kamu ba, cutar take karkashe su a can. In suka ƙare, bangon ya yi rauni, sai ɓurɓushin ƙwayoyin da ke zaune cikin hanjin kowa, waɗanda a wurinsu ba su da laifi, su riƙa tsallakawa cikin jini. Jiki kuma duk lokacin da ya gan su sai ya tashi yaƙi. Yau yaƙi, gobe yaƙi, ba ranar hutu. Wannan tashin da ba ya ƙarewa shi ke gajiyar da mutum, ya hana shi yin ƙiba, ya hana garkuwar ta farfaɗo da sauri, ko da maganin ya danne ƙwayar cutar.

Ina ta fama da kalmomi, in ce bango, in ce tankaɗe, in ce ƙyalle, na ga dai bai shige shi ba. Sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, "Tsaya. Tambaye ta, ɓallewa ya yi ko tsattsafo yake?"

Nan take na gane inda ya nufa. Duk wanda ya tashi a Haɗeja ya san jinga, tudun ƙasar nan da ya tsare gari daga kogi, kuma Yaya yana saurayi yana cikin masu cika buhuna da yashi in ruwa ya taso. Na yi wa likita bayanin jingar garinmu. Ta yi murmushi ta ce, "Tsattsafo."

Ya jinjina kai. Ya ce, "To na gane. Ɓallewa sau ɗaya ce, kowa ya gudu. Tsattsafo shi ne mugu. Ka toshe nan ya ɓullo can. Shekarar da aka yi mana haka, ruwa bai ci gari ba, amma ba wanda ya yi noma, ba wanda ya yi barci, ƙarti duk suka rame a kan jinga." Sannan ya ce, "Tana gyaruwa?"

Likitar ba ta yi masa daɗin baki ba, abin da ya sa na yarda da ita ke nan. Ta ce tana gyaruwa, amma a hankali, kuma ga wanda ya daɗe bai fara magani ba, ba lallai ta koma yadda take da ba. Ta ce bambancinsa da matarsa ke nan, ita ta fara da wuri, shi sai da ɓarnar ta yi nisa. Masana ma har yanzu suna neman abin da zai ɗinke wurin gaba ɗaya, ba su samu ba. Amma abu ɗaya ba ta shakka a kansa: ranar da ya ajiye maganin, ƙwayar za ta tashi ta koma kan ɗan abin da ya fara gyaruwa. Ta ce gudawar da ta ƙi tsayawa ba za a ɗora wa wannan kaɗai ba, a sake duba bayan gidansa, wataƙila akwai wata ƙwaya da ta samu wuri. Ta ce ya ci gaba da tafasasshen ruwa, ya ci abinci ko ba ya so, ya rabu da sigari, ya daina sayen maganin ciwon jiki barkatai a kemis, kuma za ta riƙa duba hawan jininsa da zuciyarsa, don wannan tashin na jiki yana taɓa jijiyoyi. Na ciro ɗan filaskon da na ƙulle a bakin hijabi na nuna mata. Ta murza, ta tambayi aikinsa, na faɗa. Ta dafe kai ta ce, "Ki gode wa wadda ta sauke tukunyar."

Muka shiga motar komawa. Mun kusa gida sai Yaya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kifin nan da Inna ta aiko, kun cinye ne?"

Ni da Ashetu muka yi masa farfesu, ta hana ni zuba yaji, na hana ta zuba manja. Ya ci, ba da yawa ba, amma ya tsotse ƙashin kan. Muna wanke-wanke na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da ke raina, cikinsu wa ya kawo wa wani. Ta ci gaba da cuɗa tukunya ta ce, "Ni na taɓa aure, shi ma ya yi rayuwarsa kafin ni. Ba mu taɓa tambayar juna ba. In mun sani, wa zai warke?" Na roƙe ta gafarar abin da na zo da shi a zuciya. Ta watsa mini ruwan kumfa ta ce miji ba ya ba mata haƙuri a Kumasi, kada in ɓata musu al'ada.

Gwajin ya fito, aka samu wata ƙwaya a hanjin, aka ba shi maganinta. Kafin in taho zirga-zirgar banɗaki ta ragu. Likita ta ce in yana son komawa gida za ta iya mai da shi asibitin da ke kusa da mu, magani ɗaya ne. Na kwana a kan maganar, kamar yadda Hajiya ta ce. Na tuna doguwar motar nan, da layin kan iyaka, da ruwan leda na tasha, na dubi jikinsa. Na dubi matar da ta san lokacin da zai ci da lokacin da zai ƙi. Da safe na ce masa, "Yaya, an aiko ni in ɗauko ka, amma ba zan ɗauke ka ba." Ya ce shi ma abin da ya kwana da shi ke nan. Ya ce, "Sai na yi ƙwari zan zo da ƙafata, da ita da yarinyar. Amma ki gaya wa Inna gaskiya. Kada ki ce ciki ne kawai. Duk wanda ya tambaye ki ma ki faɗa, ɓoyon ne ya kai ni nan."

Ashetu ta cika mini buhun da na zo da shi, baƙin yajin nan cikin kwalba, da turmin atamfa na Inna. A Lome Hajiya Gambo ta leƙa bayana ta ce, "Ina saƙon?" Na ce na bar shi inda ya fi tsaro. Ta dube ni, ba ta ƙara tambaya ba, sai dai duk tsawon hanya ita ke saya mini abinci. Yanzu da nake wannan bayani Yaya ya ɗan ciko, yana fita kasuwa da safe ya dawo kafin rana ta take. Wata rana kuma gajiyar ta kwantar da shi, sai Ashetu ta kira ni mu yi masa tsiya a waya har ya tashi.

Ranar da na iso Haɗeja, Inna tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta. Ta ga na shigo ni kaɗai, ta ci gaba da kallon zaure. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na faɗa mata komai, sunan ciwon, da hanjin, da tukunyar da aka sauke, da kayan da ake wankewa kafin gari ya waye. Ta ja carbinta har ta kai ƙarshe, ta tashi ta shige ɗaki. Kwana biyu ba ta tayar da maganar ba, atamfar ma ba ta buɗe ba. Na ce shi ke nan, ta yi fushi da ni.

Sai ran nan da hantsi na je gaishe ta, na tarar tana tsince shinkafa a faifai, sanye da sabon zane na atamfar da Ashetu ta aiko. Ba ta ɗago ba ta ce, "Binta, wannan doguwar motar ta Legas."

Na ce, "Na'am, Inna."

Ta ce, "Akwai wurin da tsohuwa za ta miƙe ƙafarta a ciki?"